Za Mu Koma Ƙauye, Ya Zan Yi da Kasuwancina na Waya?

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah ce da ke zaune a Agege. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum Anti. Shekara huɗu ke nan ina sayar da atamfa, leshi, mayafai, jakunkuna da kuloli ta WhatsApp da Facebook. Ina saro su a Balogun da Idumota, in ɗauki hoto in ɗora a sitatus, mai so ta turo kuɗi, mai babur ya kai mata. Da wannan sana'a muka riƙe gida lokacin da aka hana acaba a 2022, kafin maigidana ya samu aikin lodi a Mile 12. Yanzu mahaifinsa ya rasu, shi ne babba, ya ce mu koma ƙauyensu a ƙasar Ringim ya riƙe gona ya kula da mahaifiyarsa. Saura wata biyu kuɗin hayarmu ya ƙare. Garin babu wuta, sabis ma sai an fita bakin makarantar firamare. Ina da kaya a ƙasa na kusan naira 700,000. Shi ya ce in kwashe su mu tafi, can ma za a saya. Ƙawata kuma ta ce in karyar da su, in na je can in riƙa ɗora hotunan kayan wasu ina karɓar kuɗi, su kuma su aika. Ko barci ba na iya yi. Ba na so in koma roƙon kuɗin sabulu."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan surukinki, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku ladan riƙon mahaifiya. Rashin barcin nan na gane shi. Macen da ta saba buɗe jakarta ta biya kuɗin Islamiyyar ɗanta ba ta jira kowa ba, ba ƙaramin abu ba ne ta hango ranar da za ta koma miƙa hannu. Ba zan yaudare ki ba, cinikinki zai ragu a watannin farko, wasu kwastomomin ma za su gudu. Amma abin da ya fi komai tsada a sana'arki yana cikin wayarki: matan nan da suka yarda su turo miki kuɗi tun ba su ga kaya a hannu ba. Wannan yardar kin yi shekara huɗu kina gina ta, kuma za ta bi ki har Jigawa. Kasuwar Balogun da mai babur ɗin da ke zuwa ƙofar gida su ne ba za su bi ki ba. Shawarata gaba ɗaya a nan ta tsaya: ke ki tafi, kayan Legas su zauna a Legas, ki kuma buɗe ido ki ga abin da ƙauyen yake da shi wanda matan Legas ke nema.

Maganar maigidanki da kyakkyawar niyya ya yi ta, amma lissafinta bai fita ba. Su waye ke sayen kayanki? Matan Agege ne da Idi-Araba da Obalende da Ajah. In kika loda kayan zuwa Ringim, kowace oda sai kaya sun sake yin tafiyar kusan kilomita 1,000 sun dawo inda suka fito. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kin san yadda kuɗin mota ya koma. A ce ribarki a saitin kula naira 3,000 ce, kuɗin aiko shi shi kaɗai daga Kano zai iya cinye ta har ya taɓa uwar kuɗi, ban da fargabar fashewa a hanya. In kuma kin ce mutanen garin za ki sayar wa, ki tuna Kano na kusa, a je a dawo a wuni ɗaya. Matan ƙasar nan sun san farashin Kantin Kwari, ga kasuwar Gujungu tana ci duk Lahadi. Atamfar da kika biya mata kuɗin mota daga Eko ba za ta iya gogayya da ta Kwari a ƙofar gidan Kwari ba. Ga kuma yanayin kuɗin ƙauye: yana shigowa ne da kaka, a yi bukukuwa a yi sayayya, daga nan hannu ya bushe har wata shekara.

Don haka ki zauna ki raba kayan nan tun yau. Duk abin da ya yi wata uku bai motsa ba, kwantai ne, ki yi masa rangwame ki fitar da shi ko da a kuɗin sari ne. Masu nauyi da masu fashewa su ma haka. Ki sanar a sitatus cewa za ki tashi, kina rage kaya. Mata suna son irin wannan sanarwar, kuma gaskiya kika faɗa. Waɗanda suke tafiya da sauri, mayafai da jakunkuna da irin atamfar da aka san ki da ita, su ne za ki bar wa wakiliya, wato wadda za ta riƙe miki kayan a Legas. Abin da za ki ɗauka zuwa ƙauye kada ya wuce tsaraba da ɗan abin gwaji.

Shawarar ƙawarki kuwa, mutane da yawa suna yin ta, amma ina da magana a kanta ta fuska biyu. Ta fuskar addini, akwai hadisin Hakim bin Hizam, wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da zai zo masa neman abin da ba shi da shi, ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo, aka ce masa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Ta fuskar kasuwa kuma, hoton da ba ke kika ɗauka ba ba ki san abin da ke bayansa ba. Mace ta biya kuɗin leshi ruwan toka, a kai mata wani launi, ko yadin bai cika ba, sunanki za a kira a zauren WhatsApp na unguwa, mai shagon babu wanda ya san shi. Akwai hanyoyi masu tsafta na yin kusan abu ɗaya. Kina iya zama dillaliyar mai shago a fili: ku yi yarjejeniya, kayansa ne, farashinsa ne, ke kina da lada a kan duk abin da kika sayar, mai saye ma ta san haka. Kina iya zama 'yar aiken mai saye, ta ba ki kuɗi ki sa a sayo mata, ki faɗa mata ladanki. Akwai kuma cinikin salam, inda ake biyan kuɗi duka tun farko a kan kaya mai sanannen siffa da sanannen awo zuwa sananniyar rana, wanda ya dace ƙwarai da kayan gona. Ki kai wa malamin da kika amince da shi ainihin yadda za ki yi, ya duba miki. Kuma ko wanne kika zaɓa, ki tsaya a kan shaguna biyu ko uku da kika daɗe kina sari a wurinsu, waɗanda za su ɗaga miki waya ta bidiyo su buɗe turmi ki gani.

Wakiliya ita ce ginshiƙin wannan tsari, ita ce kuma inda aka fi yin kuka. Kada ki zaɓe ta don kunya ko don ita ce aminiyarki. Ki duba wadda kika taɓa ba wa kuɗi ta dawo da canji daidai, wadda mijinta ya amince, wadda take da ɗakin da ruwa ba ya shiga da damina, don kin san Legas. Ku rubuta komai a takarda gaban shaidu biyu, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu wanda zai ce kin raina shi don kin ce a rubuta. A takardar a faɗi adadin kaya da farashinsu, a faɗi ladanta a kan kowane kaya da ya fita, a faɗi cewa kuɗi asusunki kaɗai yake shiga, ba ta da izinin ba da bashi, a kuma faɗi wanda zai ɗauki asara. Abin da malamai suka sani shi ne wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya lalace ba da sakacinsa ba, amma in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka ce masa, zai biya. Ku fayyace wannan tun ana dariya. Ki biya ta ladanta a kan lokaci, kada ki ce ai 'yar'uwa ce, don aikin kyauta wata biyu yake yi ya gaji. Duk mako ku ƙirga kaya tare ta bidiyo. Ki fara da kaɗan, in ta riƙe ki ƙara.

Yanzu ga inda nake so ki fi sa hankalinki, don a ganina nan ne arzikinki yake. Ki tuna abin da matan Agege ke yi duk lokacin da aka ce wata za ta je gida. Kafin ta kai tasha an cika ta da saƙo: a taho min da daddawa, a taho min da kuka sabuwa, in da man shanu mai kyau, in da zuma. Ke yanzu za ki zauna ne a inda ake aikowa a sayo. Jigawa ƙasar riɗi ce da zoɓo, ga gyaɗa, ga gero, ga tsamiya, ga shinkafa da bandar kifi ta ɓangaren Haɗejia, ga dabinon Dutse. Ga abin da matan gida ke yi da hannunsu, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yajin daddawa, garin kunu, garin ɗanwake, busasshiyar kuɓewa, zogale, lalle, soyayyen man shanu. Waɗannan a bakin ƙofarki za ki same su a farashin mai noma, kuma masu sayensu suna cikin wayarki tun tuni.

Za ki ce min ai duk akwai su a kasuwar Agege da Mile 12. Gaskiya ne, akwai. Amma ki tuna kukar da kika sha saye ta koɗe ta zama ruwan ƙasa, miyarta babu yauƙi babu ƙamshi. Ki tuna riɗin da sai kin yi rabin wuni kina rege tsakuwa, da zumar da aka dafa da sukari, da man shanun da aka cuɗa da wani abu. Matar da ke aiki a ofis a Ikeja ko take tsaron shago a Idumota ba ta da lokacin tankaɗe da tsince-tsince, kuma za ta ƙara kuɗi da farin ciki in ta tabbata abin da za a kawo mata sabo ne, an gyara, an tankaɗe, an san gidan da ya fito. Wannan gyaran shi ne hajarki. Ki ɗauki bidiyon kuka a faifai koriya shar, ki nuna matan da ke dakan ƙuli, ki nuna kalwa ana wanke ta kafin a yi daddawa. Irin wannan hoton mai shago a Balogun ba shi da shi. Sai dai ki nemi izinin matan kafin ki ɗauke su, wadda ba ta so a nuna fuskarta a nuna hannu da turmi kawai.

Akwai abubuwan da ke kayar da masu wannan sana'a, ki kiyaye su. Awo na farko. A Jigawa da kwano ake magana, a Legas da derika da robar fenti, kuma kwanon wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Ki sayi ƙaramin sikeli mai batir kafin ki bar Legas, ki riƙa sayarwa da kilo da rabin kilo, ki ɗauki hoton kayan a kan sikelin ki tura wa mai shi. Rigima ta ƙare. Sai laima. Abin da zai shekara a rumbu a Ringim yana iya yin fumfuna cikin makonni kaɗan a ɗakin Legas da damina. Duk abin da za ki aiko ya bushe ƙarau, a zuba shi a roba mai murfi ko leda mai zif, kuma kada ki tara wa wakiliyarki kayan abinci da yawa, ki aiko abin da aka riga aka yi oda da ɗan ƙari. Mai da zuma a jarka sabuwa, a sa leda a bakin kafin a ɗaura murfi, a naɗe da salatif. Jarka ɗaya in ta tsiyaye a cikin kwali ta gama da garin kunun mutum goma.

In za ki taɓa wake, ki yi hattara da maganin ƙwari. Wasu masu ajiya suna zuba maganin feshi kai tsaye a buhu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ki sayi sabo da kaka a hannun manomin da kika sani, ki ajiye a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba sai an sa magani ba. Ki faɗa wa kwastomominki haka, za ki ga yadda za su riƙe ki. In kuma harka ta girma har kika fara buga suna a jikin leda kina kaiwa shaguna, lokacin rajistar NAFDAC ya yi, da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Ba yau ba, amma ki sa a ranki.

Ki kuma koyi kalandar abin. Riɗi da zoɓo da gyaɗa suna araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba. Neman tsamiya da zoɓo da garin kunu da dabino yana tashi gab da azumi. Kuɗin da kika samu daga karyar da kwantai, kada ki cinye shi a hidimar tashi. Shi ne jarin da za ki shiga kaka da shi. Amma shekarar farko kada ki zuba shi duka a abu ɗaya, don farashin amfanin gona yana hawa yana kuma sauka, an sha ganin waɗanda suka ɓoye hatsi suna jiran tsada suka fitar da shi a faɗuwa. Ki sayi abin da kika san bakin da zai ci shi.

Aika kaya kuwa, ki cire wa ranki tsarin Legas na a yi oda da safe a kai da yamma. Ki tsayar da rana guda, a ce duk mako biyu. Ki sanar cewa ana rufe karɓar oda ranar Asabar, a yi sayayya a Gujungu ranar Lahadi, a gyara a ɗaure, kaya su tashi daga Kano ranar Laraba, wakiliya ta karɓa ta raba wa masu babur. Kwali ɗaya ko buhu ɗaya mai ɗauke da odar mutum ashirin, kuɗin motarsa in aka raba ba zai yi wa kowa nauyi ba. Ko ta manyan bas ɗin da ke tashi daga Sabon Gari, ko ta kamfanonin aika saƙo masu ba da rasit da lambar bibiya, ko ta direban da maigidanki ya sani tun zamansa a Mile 12, wannan sanayyar tasa ma jari ce, ki yi amfani da ita. Ko ta ina ne, a rubuta suna da lambar wakiliya a wuri biyu a jikin kayan, a ɗauki hotonsu, a ɗauki lambar mota da ta direba. Ki riƙa faɗa wa mutane ranar da ta wuce wadda kike tsammani da kwana biyu, don mota tana lalacewa, hanya tana cushewa, da damina kuma ruwa yana yanke hanya a wannan yanki kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Mace za ta yi haƙurin kwana goma in tun farko kwana goma aka ce mata. Abin da ba ta yafewa shi ne a ce gobe, gobe ta yi a ji waya a kashe.

Wuta da sabis sun fi sauƙin magani fiye da yadda kike tsoro. Ƙaramar sola mai cajin waya da fitila ta ishe ki, ki haɗa da batirin ajiyar caji. Ki sa wani a garin ya gwada miki layukan kamfanoni daban-daban a cikin gidan da za ki zauna da kuma bakin makarantar, ki riƙe layi biyu. Ki koma WhatsApp Business in ba shi kike amfani da shi ba, ki jera kayanki da farashi a kundin hajarsa, ki sa saƙon da ke amsa wa mutum da kansa cewa kina duba saƙonni da hantsi da kuma bayan la'asar. Ki shirya hotuna da rubutu a gida, in kin fita wurin sabis ki tura gaba ɗaya. Hoto ya fi doguwar bidiyo sauƙin tafiya, ga kuɗin data ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ki kunna lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp ɗinki, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki, ɓarawo ne, ko da ya ce daga ƙungiyar matan unguwa yake. Sannan ki sayi littafi mai bango ki kwafe sunaye da lambobin kwastomominki, ki ba wakiliya kwafi. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Ba na yi wa Jigawa fatan haka, amma waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta.

Kuɗi kuma, kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit ko don alat ya shigo ta saƙon tes. Sai kin buɗe asusun kin ga kuɗin da idonki. In sabis ya hana, kaya su jira. Ki ware asusun sana'a daban da na cefane. Ki sa kuɗin da mai POS zai cira a lissafin farashinki, don a ƙauye da tsabar kuɗi za ki riƙa biyan masu kawo miki kaya, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya nuna mana yadda abin ke zama in tsaba ta ɓace.

Saura maganar da ba ki tambaya ba, wadda a wurina ta fi rashin wuta haɗari. Za ki shiga gari a matsayin 'yar Legas, matar babban ɗa, wadda aka ji tana da sana'a. Faccalolinki da ƙannen miji da gwaggonni za su shigo gaishe ki, a ga mayafi, a ce kai wannan ya yi kyau, bari in ɗauka, in an yi kaka zan biya. Ba mugunta ba ce, haka zaman yake. Amma ba za ki iya bin gwaggon mijinki bashi ba, kuma ko an biya ki bayan wata shida, kuɗin ba zai sake sayo irin kayan ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ce kada kayan su bi ki. Ki yi tsaraba mai kyau ki raba da sakin fuska, ki fita kunya. Bayan nan, in oda kawai kike saye, duk kwalin da ke ɗakinki na mai shi ne da ya riga ya biya, in kika ce "wallahi kayan mutane ne" gaskiya kika faɗa. Ki kuma jawo matan gidan cikin harkar. Wadda ta iya ƙuli ki saya a wurinta, wadda ta iya daddawa ki ba ta kwangila, 'yan mata su yi tsince da tankaɗe ki biya su nan take. Uwar mijinki ki sa ta a gaba, ki tambaye ta wa ya fi iya man shanu a rugar da ke kusa, wace kuka ce ta fi yauƙi. Ta fi ki sanin waɗannan nesa ba kusa ba, kuma tsohuwar da aka nemi shawararta ita ce za ta tare miki baki in an fara cewa matar wane kullum tana bakin makaranta da waya a kunne.

Shi ma maigida ku gama magana tun kuna Agege, cikin daɗin rai, ba ranar da kaya ke jiran mota ba. Sau nawa za ki iya shiga Kano? Wa zai riƙa kai kaya tasha yana magana da direbobi da 'yan kamasho, shi ko ƙaninsa, kuma nawa ne ladan mai kaiwa? Wace lamba za a ba direbobi? Ina ganin tasa ta fi, don kiran maza a wayarki da dare a ƙauye abin magana ne. Ki tuna masa da taushin murya abin da sana'ar nan ta yi wa gidan a 2022, ki nuna masa cewa noma sau ɗaya yake biya a shekara, wannan kuwa duk mako biyu ne, kuma riɗin gonarsa ma ta hannunki zai fi daraja. Namijin da ya ga rabonsa a cikin abu shi ne zai ɗauki kwali a babur ya kai bakin titi.

Wata biyun da suka rage, kada ki ɓata su a kuka da haɗa kaya kawai. Ki yi gwaji tun kina nan. Ki kai wa wakiliyar kayan, ki yi mako biyu kamar kin riga kin tafi: kada ki je Balogun, kada ki taɓa kaya da hannunki, ki buɗe data sau biyu kawai a wuni, komai ya bi ta waya. A cikin makonnin nan kuma ki tura kuɗi kaɗan ƙauyen, a haɗo miki kuka da daddawa da riɗi da ƙuli, a aiko ta hanyar da kike shirin bi, ki ga kwana nawa za su yi, nawa za a caje ki, a wane hali za su iso. Ki raba ɗanɗano ga kwastomominki ashirin da suka fi saye, ki tambaye su abin da za su so a riƙa kawo musu da farashin da za su iya. In wakiliyar ta gaza, kina da sauran lokacin neman wata. In kuɗin mota ya cinye ribar riɗi amma ya bar ta daddawa da yaji, kin san da abin da za ki fara. Ki rubuto min da alƙaluman da kika samu kafin ku tashi, mu sake duba farashin tare.